Ni Kuku Ne, Kuma Na Yi Shekara Biyu Hancina Ba Ya Aiki

Duk wanda ya ci abincina a Kano tsakanin watan Yuli da watan Disamba na 2020, ina neman afuwarsa. Na karɓi kuɗinsa, na zuba masa abincin da ni kaina ban san yadda yake a baki ba. A lokacin hancina ba ya jin komai, kuma ban gaya wa kowa ba, har matata. Cikin duk abin da ya same ni wannan ne ya fi ci mini rai, ya fi asarar dukiyar, shi ya sa na fara da shi.

A Fagge aka haife ni a 1984. Mahaifina tela ne, Allah ya yi masa rasuwa ina ɗan shekara tara, ya bar mu mu biyar, ni ne babba. Da Inna ta fita takaba sai ta kafa tanda a zaure, waina da miyar taushe kullum safe, ranar Juma'a ta ƙara da sinasir. Ƙannena sun yi ƙanana, saboda haka ni ne mai kai jiƙaƙƙiyar shinkafa inji bayan la'asar, ni ne mai hura itace da asuba. Kafin na cika shekara goma sha biyu ni nake juya wainar idan ta tashi sallamar masu saye.

Inna ba ta san awo ba. Da azumi tana miyar buɗa-baki ba ta kai komai baki, sai dai ta ɗaga murfi, ta kara fuskarta a tururin, ta ce daddawa ta yi yawa, ko gyaɗa ba ta dahu ba tukuna. Ƙullin waina kuwa da asuba take sunkuyawa ta shaƙa, nan take ta san ko ya tashi daidai ko tsaminsa ya wuce. Sau ɗaya na taɓa tambayarta yawan kanwar da ake zubawa. Ta kalle ni ta ce, "Kai yaron nan, hancinka na mene ne?" Ba ta faɗin sunana da yake ni ne ɗan fari. Daga ranar ban sake tambaya ba, na koma shaƙa kamar yadda take yi, kuma Allah ya ba ni hancin.

A Kano namiji zai gasa tsire, ya yi balangu, ya kafa teburin shayi, babu mai ɗaga ido ya kalle shi. Amma ya tsuguna gaban tukunyar miya, nan ne magana take. Yaran layinmu sun laƙaba mini sunan da ba sai na maimaita ba, kowa ya san shi. Yayan mahaifina ya zo har gida ya ce a cire ni daga zauren nan a kai ni Kantin Kwari yaron shago tun ban lalace ba. Inna ba ta ja da shi ba, ta dai ce, "To Yaya, idan ya tafi wa zai hura mini wuta?" Shi kuma ba shi da abin da zai ɗauke mana, maganar ta mutu a nan. Na daɗe ina jin kunyar sana'ar. Idan zan tafi makaranta sai na wanke hannu da sabulu sau biyu don kada a ji ƙaurin mai a jikina.

Bayan na gama sakandare a 2002 wani maƙwabcinmu direba ya sama mini aikin wanke-wanke a gidan abincin wani ɗan Labanon a wajen Bompai, cikin Kwarorin da iyayensu suka zauna a Kano tun zamanin cinikin gyaɗa. A nan na fara ganin kicin da maza ne zalla a cikinsa, da fararen riguna, ana kiran babbansu kuku ana ba shi girma. Babban kukun dattijo ne daga Kwatano, gwani na gaske. Duk lokacin da zai haɗa kayan ƙamshi sai ya kore mu, ya juya wa ƙofa baya. Yanzu ba na ganin laifinsa, baƙo ne a gari, abin da ke cikin kansa shi ne kaɗai jarinsa. Amma tukwanensa hannuna suke zuwa, kuma kafin na zuba musu ruwa sai na sa hanci. Wannan akwai kirfa. Wannan na'ana'a ce da lemon tsami. Wannan tafarnuwa ce aka buga da mai har ta yi fari kamar kindirmo. Ranar hutu na sayo kaɗan-kaɗan a Kasuwar Kurmi na gwada a murhun Inna. Na yi shekara huɗu a haka. Da dattijon ya kwanta rashin lafiya ni na riƙe kicin ɗin kwana tara, babu kwastoman da ya gane an canja hannu.

Na fita daga gidan nan da yaƙinin cewa hancina zai ciyar da ni har tsufa. Na kuma fita da wata ɗabi'a da ban san na ɗauka ba, cewa kuku ba ya nuna wa na ƙasa da shi sirrinsa.

Harin ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 ya kashe harkar dare a Kano. Aka sa dokar hana fita, shingayen bincike ko'ina, baƙi suka yi ta barin gari, shekara na zagayowa aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Magidancin da zai fito da iyalinsa cin abinci bayan isha'i sai an tona. Gidan da nake aiki ya rage ma'aikata, daga baya ya rufe, na koma girkin biki da suna. A cikin wannan ƙuncin na yi aure.

Daga 2014 gari ya fara farfaɗowa. A shekarar aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road, matasa suka koyi fita da yamma don fitar kawai. Kafin a ankara, a Nassarawa GRA da Lodge Road da Audu Bako Way, har zuwa Tarauni da Hotoro, ana ta mayar da gidajen zama wuraren cin abinci, a jera kujeru a kan ciyawa, a rataya fitilu a bishiya. Shawarma ta sauko daga unguwar masu hali ta shiga kowane lungu. Matan da suke girki a cikin gidajensu suka fara sa hoto a Instagram, a yi oda ta waya, ɗan aike ya kai. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne abincinmu na gida ya hau tebur. Dambun shinkafa, gurasa bandashe, fankasau, alkubus, waɗanda a da sai gidan biki ko bakin titi, sai ga su a faranti mai tsada, alhazai da 'yan boko suna ci ba kunya. Wainar da aka yi mini dariya saboda ita ta zama abin da ake ɗauka hoto.

Mai kuɗin da zai buɗe wuri yana da gini, yana da janareta, amma ba shi da hannu. Mu masu hannun aka shiga zawarci. Cikin shekara huɗu na yi aiki a gidaje uku, kowanne ya ɗauko ni daga wani da ƙarin albashi. Abin da ya fito da ni shi ne na gwama abin da na kwaso da hanci a kicin ɗin Kwarori da abin da na gada a zauren Inna. Ina da wata gasasshiyar kaza da take kwana cikin kindirmo da daddawa da citta da kimba da wasu abubuwa biyar, wadda mutane suke tasowa daga Kabuga su ci. Kai ya fara girma, ba zan ɓoye ba.

Tun a gida na biyu wani yaro ya maƙale mini, ɗan wani ƙauye a wajen Ɗambatta, almajiri ne da ya fara da wanke-wanke kamar yadda na fara. Ga natsuwa, ga tsafta, ba ya ɗaukar ko tsinken nama. Duk inda na koma sai ya bi ni. Lokaci-lokaci yakan ce, "Maigida, yaushe za ka nuna mini haɗin kazar nan?" Amsata ɗaya ce kullum: "Ni wa ya nuna mini?" A gida nake daka haɗin da daddare, na zo da shi ƙulle a baƙar leda. Shekara biyar yaron nan yana yi mini bauta ban taɓa zaunar da shi na koya masa abu ɗaya ba.

A ƙarshen 2018 na buɗe nawa. Inna tana da gona da ta gada a wajen Kura, ta sayar ta damƙa mini kuɗin gaba ɗaya. Matata ta ƙara da kwasar adashinta da 'yan kunnenta na gwal. Na kama wuri a Tarauni, na biya hayar shekara biyu, tebur goma sha biyu, ma'aikata tara. Ranar buɗewa Inna ta zo a adaidaita sahu, ta ƙi zama a teburin da na tanadar mata, ta wuce kicin kai tsaye. Ta ɗaga murfin miyar taushe, ta shaƙa, ta ce, "Kabewar nan ba ta nuna ba, ka yi gaggawa." Sannan ta ɗaga hannu ta sa albarka. Gaskiyarta ce, ɗanyar kabewa na samu a kasuwa ranar.

Wuri yana cika, musamman daren Juma'a da Asabar. Amma ban taɓa zama na lissafa nawa faranti ɗaya yake ci mini ba. Farashina na sa ne da kallon na maƙwabta. Kayan miya daga Yankaba, shinkafa da mai daga Singa, nama daga abbatuwa, duk bisa amana, a biya ƙarshen mako. Aljihuna da akwatin ciniki abu ɗaya ne. Abokai da dangi suna ci su tashi, kunya ta hana ni magana. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019 shinkafa ta yi tashin gwauron zabi, ban ƙara ko kwabo a faranti ba, ina tsoron kada kwastoma su koma sabon wurin da aka buɗe gaba da ni kaɗan. Mai wucewa da ya ga motoci a ƙofata zai ce na kama ƙasa. Ni kuma kullum Litinin ina ɗebo cinikin wannan makon ina toshe ramin wancan.

Daren 16 ga Afrilu 2020 aka kulle Kano saboda korona. Firiza biyu nake da su cike da nama da kaji, bashi na ɗauko saboda azumi ya matso, shi ne kakarmu. Babu wuta, babu halin zuwa kullum na tayar da janareta. Na rabar da abin da na iya, sauran ya lalace. Mako guda bayan nan azumi ya kama. A cikin waɗannan makonni ne dattawa suka yi ta rasuwa a gari, kusan kullum sai ka ji sanarwa daga wata unguwa. Inna ta yi zazzaɓi kwana biyar. Ranar goma sha ɗaya ga azumi, bayan sallar asuba, ta cika a hannun ƙanwata. Mutanen da suka raka ta ba su cika sahu biyu ba, matar da rabin Fagge suka ci wainarta. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Kwana uku da binne ta ni ma na kwanta, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da tari. Babu wanda aka yi wa gwaji a gidanmu. Bayan mako biyu na miƙe. Na je Fagge don mu kwashe kayan ɗakinta, na ɗauki mayafin da take yafawa idan za ta zauna gaban tanda, na kai shi hanci don na ji ta, turaren wuta da man shanu da hayaƙin itace. Babu komai. Kamar na shaƙi iska a fili. Na ƙara dannawa a fuska, shiru. Na fita tsakar gida na fasa albasa, idona ya kawo ruwa, hancina bai ce komai ba. Na zauna a bakin rijiya riƙe da albasar nan har aka kira azahar.

Mutane da yawa a Kano sun yi wannan kukan a lokacin, kuma yawancin waɗanda na sani hancinsu ya dawo cikin mako biyu ko uku. Na jira. Sallah ta zo ta wuce. A farkon Yuli aka buɗe gari, na buɗe shago, hanci bai dawo ba.

Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai yi zaton ƙamshi kawai ake rasawa. Harshena yana jin gishiri, yana jin zaƙi da tsami da ɗaci, bakina yana jin zafin attaruhu. Amma duk abin da ya raba miyar taushe da ruwan gishiri mai kauri ya tafi. Kaza da kifi ɗaya suke a bakina. Kuma ba ni da awo ko ɗaya a rubuce, komai nawa a hanci yake. Sai na ci gaba da ɗaga murfi ina kara fuska a tururi, ina gyaɗa kai, don yara su gani. Ina zuba kayan ƙamshi da abin da hannu ya tuna. Yau daddawa ta yi yawa, gobe albasa ta ƙone a mai ban ji ba. Akwai ranar da nama ya fara juyawa na dafa shi, sai da faranti uku suka dawo. Yaran suna gani, amma na riga na horar da su cewa ba a yi mini magana a kan tukunya.

Wata Hajiya da take zuwa tun ina gidan wasu ta kira ni gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, ko kun canja kuku ne?" Na ce mata kayan miyar bana ne ba su da kyau. Ta ce Allah ya kyauta. Ba ta sake dawowa ba.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗa. Tsoro ne. A lokacin duk wanda aka ce ya yi korona gudunsa ake, balle mai abinci. Sannan idan gari ya ji hancina ya mutu, me ya rage da za a neme ni dominsa? A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai gonar Inna. Ina ganin idan na furta, kamar na yarda ke nan gonar ta tafi a banza.

Wata asuba cikin Disamba, ana tsananin hunturu, na riga kowa shiga kicin. Tagogi duk a rufe saboda ƙura. Ashe tiyon tukunyar gas ya tsage cikin dare. Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai wari don hanci ya yi wa mutum gargaɗi. Ni ba ni da mai gargaɗin. Na ɗauko kwalin ashana, na zaro tsinke. Daidai nan yaron nan ya turo ƙofa, ban ma ga tahowarsa ba, sai ji na yi ya buge hannuna, ashana ta watse a ƙasa. "Maigida! Ba ka ji ba?" Ya ja ni waje, ya koma da gudu ya rufe kan tukunyar ya buɗe tagogi. Jikin kicin ɗin akwai ɗakin da yarana biyu suke kwana, lokacin ko tashi ba su yi ba.

Muka tsaya a waje cikin sanyi, ƙafafuna suna rawa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Maigida, tun yaushe?"

Na ce, "Tun azumi."

Ya ce, "Mun sani. Wata uku ke nan idan ka fita sallah ni nake gyara miyar."

Ban iya ce masa komai ba. Da daddare na gaya wa matata. Ta ce, "Haba Malam, ni da nake ɗaki ɗaya da kai? Tun ranar da na ƙona shinkafa ka cinye ba ka yi magana ba na gane. Jira nake ka faɗa da bakinka." Da na kawo maganar ashana ne ta fashe da kuka. Ta ce 'yan kunnenta ta yafe, gona ma Inna ba don ta kashe ni ta sayar ba.

Haya ta ƙare, mai gida ya yi ƙari. Ƙanin matata da ya karanta lissafin kuɗi ya kwana biyu a kan 'yan takardun da na tara a leda. Abin da ya nuna mini ya fi ƙarfin korona. Tun kafin cutar, kazar da ta yi mini suna faɗuwa nake yi a kan kowane faranti idan aka sa gas da dizal da albashi. Wato duk daren da wuri ya fi cika, daren na fi yin asara. Na rufe a watan Fabrairu 2021. Na sayar da firiza da kujeru da janareta, na fara sallamar yara, abin da ya saura na rage bashi. Mutum uku suka rage suna bina. Mahaucin da nake tsoron haɗuwa da shi, da na je rumfarsa kaina a ƙasa, cewa ya yi, "Je ka, idan Allah ya hore ka kawo." Shekara biyu da rabi na yi kafin na gama biyansa, bai taɓa aiko mini ba. Ƙannena kuwa har yau babu wanda ya ambaci gonar nan a gabana, alhali da ta kai rasuwar Inna da kowa yana da rabo a cikinta. Shirun nasu ya fi mini nauyi a kan da sun yi faɗa.

Wajen wata goma da kwanciyata hanci ya fara motsi, amma a karkace. Albasa a cikin mai sai na ji kamar ana ƙona taya. Dafaffen nama warin mushe yake mini. Tafarnuwa, ƙwai, har man goge baki, duk suka zama abin gudu. Idan matata za ta yi girki sai na bar gidan. Na koma rayuwa a kan kunu da fura da dafaffen dankali, na rame har ana tambaya. Masu zuwa dubiya suka fara cewa hannu ne, abokan sana'a ne suka yi mini. Na kusa yarda, domin ya fi sauƙi a zuciya a ce wani ne ya jawo maka. Na riƙe addu'a, matata kuma ta matsa sai da na je asibiti ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro.

Likitar ta ce ba ni kaɗai ba ne. Ta ce cutar tana taɓa wurin da yake karɓar ƙamshi a can saman hanci, kuma idan jijiyoyin suka fara farfaɗowa sukan aika wa ƙwaƙwalwa saƙo a hargitse, shi ya sa albasa take zama taya. Wannan warin da nake ƙi, a cewarta, sau da yawa alama ce ta cewa wurin yana gyaruwa. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce na samu abu huɗu masu ƙamshi daban-daban, furen wardi, lemon tsami, kanumfari da ganyen bishiyar turare, na riƙa shaƙar kowanne kamar daƙiƙa ashirin, safe da yamma, ina tuno yadda ƙamshinsa yake a da, na yi wata da watanni ban gaji ba. Na zuba su a ƙananan kwalabe. Na ƙara ta biyar da kaina, daddawa. Bayan asuba da bayan magariba ina zaune a kan tabarma ina buɗe kwalabe, yarana suna kallona. Wata huɗu kanumfari bai ce mini komai ba. Ranar da na fara jinsa, can nesa kamar daga gidan maƙwabta, sujjada na yi.

A cikin wannan zaman ne na sayo ƙaramin sikeli a Sabon Gari da littafi mai bango mai kauri. Ni ne hannu, matata ce hanci. Na auna, na dafa, ta ci ta ce ya yi ko bai yi ba, na rubuta giram nawa. Abin da na yi shekara ashirin ina ɓoyewa na zauna ina fito da shi layi-layi. Kazar ta ba mu wahala, amma miyar Inna ta fi. Sau goma sha uku muna yi matata tana cewa da saura. Sai da ƙanwata ta uku ta zo ta ce Inna tana ɗan soya gyaɗar kafin a niƙa, kuma yakuwa sai an kusa saukewa take jefawa, bayan alayyahu. Ni da na yi shekaru a gefen tukunyar ban taɓa lura ba, da yake hanci yana yi mini aikin ido. A karo na goma sha huɗu ƙanwata ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali, ta rufe fuska da mayafi. Da haka na san mun samu.

A ƙarshen 2021 yaron nan ya yi sallama a ƙofar gidana. An ɗauke shi babban kuku a wani sabon wuri a Nassarawa GRA. Ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Maigida, mataimaki nake nema, amma na rasa bakin da zan faɗa." Kwana uku ban yi barcin kirki ba. A ce ni zan tsaya yaron da na ɗauko daga wanke-wanke yana ba ni umarni, a garin da aka san ni? Amma akwai bashi, akwai yara a makaranta, kuma wannan yaron shi ya buge ashana daga hannuna. Na je. Ranar farko na miƙa masa littafin a gaban kowa. Ya buɗe shafin kazar ya karanta a hankali, ya yi murmushi ya ce, "Kimba ce ashe na rasa. Sauran duk na gano su tun a Tarauni." Da hanci ya kwashe, daga tukwanen da yake wankewa. Shekara ɗaya da rabi na yi a ƙarƙashinsa, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Maigida, kuma duk tukunyar da na ɗora shi yake shaƙa mini ba tare da wani ya lura ba.

Harkar abinci a Kano ba ta tsaya ba. Ta sha ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ta sha cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, gas da kayan miya suka bi sahu. Wurare da yawa da na sani sun rufe, wasu sun buɗe a gurbinsu da sabon fenti da sabon suna. Ina murna da bunƙasar, domin ita ta sa yau yaro namiji zai ce shi kuku ne ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Amma na ga cikinta. Ana kashe kuɗi a fitila da kujera, a bar tiyon gas ya shekara ba a shafa masa ruwan sabulu an duba ko yana yoyo ba. Kuku zai yi rashin lafiya mako biyu ya dawo ya tarar an sa wani, shi ya sa da yawanmu muke ɓoye ciwo. Idan ƙwararren yaro ya zo mini da zumuɗin buɗe nasa, ba na tambayarsa me ya iya dafawa. Takarda nake ba shi na ce ya rubuta mini nawa faranti ɗaya zai ci masa, har gas, har robar zubawa, har ladan mai wanke-wanke. Cikin waɗanda suka zo, biyu ne kawai suka dawo da takardar a cike.

Yanzu a gida nake aiki, na gina ƙaramin kicin a tsakar gida. Muna karɓar odar biki da ta ofisoshi, da azumi kuma ta buɗa-baki. Yara huɗu ne tare da ni, mata biyu maza biyu. Littafin yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, duk mai so ya sauke ya kwafa. Hancina ya dawo tun wajen tsakiyar 2022, amma bai kai na da ba. Tafarnuwa har yanzu ba ta yi mini daidai, ƙauri kuma sai ya yi nisa nake ji, saboda haka ba na tsayawa a kan wuta ni kaɗai, kuma ba ni nake kunna gas da safe ba. Yaran sun san dalili tun ranar da suka fara aiki.

Mayafin Inna yana nan, na ƙulle shi a leda a ƙasan akwati tun ranar nan. Da azumin bara na kwance, na kai hanci. Na ji wani abu kaɗan, ban tabbata ko shi ne ko zuciyata ce ba. Na kira babbar 'yata na ce ta shaƙa ta gaya mini. Ta daɗe da shi a fuska, sannan ta ce, "Abba, akwai sauran turaren wuta, da hayaƙi." Na karɓa na ninke, na mayar cikin ledar na ƙulle.